Rumbun Gawayin Kawu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi, a ɗakinsa da ke hawa na shida a unguwar Hay el-Sabi', bayan jinyar ƙirji ta kwana tara. Yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni a nan Alƙahira tun zuwana karatu har na yi aure na koma unguwar Faisal.

Kafin azahar matattakalar ginin ta cika da 'yan gida. Ɗalibai da jakunkunansu, 'yan kasuwa da suka bar kayansu a kasuwar Ataba, matan aure da goyo. Wani babban mutum mai furfura a gemu, wanda ya taɓa zama a ginin yana ɗalibi, ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shiga, yana ta share ido da hularsa. Bawwab ɗinmu, wato mai gadin ginin, tsohon Bamisire ne da ya shekara talatin yana faɗa da Kawu a kan makullin saman bene. Ya zauna a matakala ta farko ya ƙi shayi, ya ƙi magana, duk wanda ya ce masa ma'alish, wato ya yi haƙuri, sai ya ɗaga hannu kawai.

Ni ina cikin ɗakin mata ina karɓar gaisuwa, sai na ji wasu biyu a bayana, sababbin zuwa ne, ko fuskarsa ba su sani ba.

"Wai wannan ne tsohon da gawayinsa ya kusa hallaka mai jego da jaririnta?"

"Shi ne fa. An ce shi ya kunna musu, ya ce su rufe taga."

"Kai, Allah ya yafe masa."

Wallahi da ba gawarsa ce kwance a ɗakin gaba ba, da na juya na gaya musu abin da ba za su manta ba. Shekara talatin da wani abu yana ɗumama gidajen mutane a garin nan, abin da ya rage a bakinsu ke nan. Kuma ƙarya ce. Dalilin wannan rubutu ke nan, kada sunansa ya shiga ƙasa da wannan tabo. Amma bari in fara gaya muku ko wane ne shi.

Ya zo Masar karatu yana saurayi, karatun bai ƙare ba, shi kuma bai koma ba. Ya yi aure, matar ta rasu, Allah bai ba su haihuwa ba. Abincinsa yana samunsa ne wajen yi wa 'yan kasuwa da marasa lafiya tafinta. In ka tambaye shi yaushe zai koma gida, sai ya ce, "In sanyi ya wuce." In sanyin ya wuce kuma sai ya ce lokacin tara gawayi ya yi.

Mu 'yan gida muna da wata wauta iri ɗaya. Kowa yana zuwa Masar da tunanin ƙasar rana ce, ya sauka da kaftani shara-shara da takalmin silifa. Sai watan Janairu ya zo, sanyi ya shigo ta ƙasan tayil ya kama ƙashi, ɗakunan haya ba abin ɗumamawa, ka ga ƙato yana karatu da safa a hannu yana hawaye. Kawu ya sha wannan wuya a shekararsa ta farko, har ya kwanta. Da ya tashi ya yi rantsuwa ba wani ɗan gida da zai sake shan ta a ginin da yake.

Rumbun gawayinsa a saman bene ya gina shi, jikin bangon da ke kallon gabas. Bulo ne da ya tsinto ɗaya-ɗaya daga wuraren da ake gini, yana ɗauko biyu ko uku a leda duk dawowarsa daga aiki. Bai ɗora shi a kan siminti kai tsaye ba, ya shimfiɗa katako ya ɗaga ƙasan kamar taƙi ɗaya, don in an yi ruwa ya bi ta ƙarƙashi ya wuce. Tsakanin bulo da bulo ya bar kafa, iska na shiga tana fita. Murfin kwano ne, ya karkatar da shi, ya ɗora masa duwatsu biyu saboda iska. Ciki uku ya yi masa: na manyan gawayi, na ƙanana, da na sabon kaya wanda bai gama shan iska ba. Kowane ciki yana da 'yar ƙofa a ƙasa, katako ne da ake jan sa sama, don wanda ya fi daɗewa ya fara fitowa. In yana nuna wa baƙo wannan ƙofa, sai ka ce shi ya ƙera jirgin sama.

Cikin zafin Agusta yake tarawa, lokacin da ba wanda ke tunanin wuta. Wasu mutanen ƙauye ke kawo masa a keken jaki, na itacen lemo da na mangwaro. Zai zazzage buhu a gabansu, ya ɗauki biyu ya gwara su kusa da kunnensa. In sun yi ƙara siririya, tamam. In sun yi ɗif, sai ya ɓata rai: "Kun yayyafa masa ruwa don ya yi nauyi. Yalla, ku kwashe kayanku." Su yi ta rantsuwa, shi kuma ya harɗe hannu yana kallon sama, har su sauko da buhun kirkin da suka ɓoye a ƙasa. Duk shekara haka, kuma duk shekara sai sun sha shayi tare kafin su tafi.

Ko garin gawayi ba ya zubarwa. Yana tankaɗe shi, ya kwaɓa da ruwan sitaci, ya dunƙula kamar fura, ya shanya a rana. Ranar farko da na gan su jere a kan tabarma na ce, "Kawu, wa za a dama wa wannan?" Ya ce, "Ke. In kin faɗi jarrabawa." Hannuwansa ba su taɓa fita tas ba, akwai baƙi a layukan tafinsa da a ƙarƙashin farce ko ranar Sallah. Ya ce ba datti ba ne, lalle ne na maza.

Bai taɓa sayarwa ba. Mai gidan shayin da ke ƙasan layinmu ya bi shi ya bi shi yana son ya saya don masu shan hayaƙi, Kawu ya ce gawayinsa na masu jin sanyi ne, ba na masu jin daɗi ba. Da yamma bayan la'asar, in sanyi ya kama, kowane gida zai hau da kaskonsa. Kuma a nan dokarsa take, guda uku, duk wanda ya zauna a ginin nan ya haddace su kamar karatun allo. A sama ake kunna wuta, ba a cikin ɗaki ba, kuma ba a sauka da ita sai baƙin ya ƙare, toka ta yi fari a kai. Taga ba a rufe ta, a bar mata yatsu huɗu. Kafin kowa ya kwanta, kasko ya fita waje.

"Hayaƙin da kuke gani ba shi ne mugun ba," haka yake cewa. "Mugun ba shi da wari, ba shi da kala. Barci zai sa ka, mai daɗi."

Ba faɗa kawai yake yi ba, bi yake yi. Bayan magariba zai sauko hawa-hawa yana ƙwanƙwasa ƙofa, ya yi sallama, ya wuce kai tsaye wajen taga ya zura hannu. In yatsunsa huɗu ba su shiga ba, ka shiga uku. Akwai wani ɗalibi ɗan Damagaram da ya rufe tasa saura yatsu biyu, Kawu ya ɗauke kaskon ya fita da shi, ya hana shi wuta kwana uku. Amma a daren farko ya aika masa da bargonsa na kansa. Yara suna yi masa waƙa a matakala, Kawu mai yatsu huɗu, shi kuma ya bi su da tsintsiya yana dariya.

Ya yi rigima da wata maƙwabciyarmu Bamisiriya, shekara biyu cur, saboda ƙurar gawayi na ɓata mata shanya. Ta zage shi da Larabci, ya rama da Hausa, kowa ya gamsu. Ranar da mijinta ya kwanta ciwon ƙafa cikin sanyi, Kawu ne ya hau ya kunna kasko ya kai mata har ƙofa. Ta karɓa. Washegari ta matsar da igiyar shanyarta can ɗaya gefen, maganar ta mutu.

To, yanzu Yaya. Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Kawu ne ya nemo masa gurbin karatu, ya tarbe shi a filin jirgi da rigar sanyi a hannu, ya ba shi gadonsa shi ya koma tabarma, shekara huɗu. Da Yaya ya yi aure, Kawu ne ya yi ta rarrashin mai ginin har ya ba shi gida a hawa na huɗu. 'Yar babban mutum ya aura, mahaifinta ne ke riƙe da karatun Yaya da zamansu gaba ɗaya, kuma mutum ne da ba a yi masa musu.

Shekara bakwai ke nan, cikin tsakiyar sanyi, matar Yaya ta haihu, ɗa namiji. Ba wata babbar mace kusa, uwarta ba ta samu zuwa ba tukuna. Ta waya take ba da umarni, safe da yamma: mai jego ba ta shan iska, a gasa mata jiki, a rufe ko'ina, kada sanyi ya shige ta. A gida haka ake yi, ɗakin ƙasa ne mai rufin da iska ke ratsawa, ga tsofaffi suna shiga suna fita. Ba wanda ya tuna cewa nan ɗakin siminti ne mai tagar gilashi.

Ranar kwana biyar da haihuwa, Kawu ya tafi Ataba tun safe nemo maɗaurin ƙofar rumbun da ya karye. Ina sama ina shanya wajen azahar, sai ga Yaya da kasko. Ya ja ƙofar rumbun ya cika kaskon da gawayi, ya juya zai sauka.

Na ce, "Yaya, ba ka kunna ba."

Ya ce, "A ƙasa zan kunna. Nan iska ta yi yawa."

"Kawu ya hana fa. Ka jira ya dawo, ko in kunna maka nan."

"Ke, yi min shiru. Ita tana can tana rawar ɗari, ke kina kawo min dokar Kawu. Shi ya taɓa haihuwa?"

Na yi shiru, don yayana ne. Wannan shirun har yau yana cina.

Bayan la'asar na sauka da kunun kanwa. Na buga ƙofa, ba amsa. Na sake bugawa, na kira sunan Yaya, na kira matarsa, ko kukan jariri babu. Na ajiye kwanon na ruga ƙasa ina ihu, bawwab ya hawo ya sa kafaɗa ya ɓalle ƙofar. Zafin ɗakin ya buge mu. Yaya yana zaune jingine da bango kansa a langaɓe, ita tana kan gado, jaririn a gefenta. Tagar a rufe, an cusa tsummoki a duk wata kafa, har ƙarƙashin ƙofa. Daidai nan Kawu ya hawo da ledarsa. Bai tambayi komai ba. Ya naɗe hannu da rawaninsa ya fasa gilashin, ya suri jaririn ya yi sama da shi a guje, tsoho mai shekara sittin da ɗoriya, yana hura masa iska a baki. Mu muka jawo manyan zuwa matakala.

Allah ya yi da sauran kwana, duka ukun sun rayu. Kwana biyu suka yi a asibiti. Na ɗauka magana ta ƙare, sai godiya.

Ina! Surukin Yaya ya bugo waya yana huci, ya ce a gaya masa wanda ya so ya kashe masa 'ya da jika, in kuwa sakacin mijin ne, gobe zai aiko a ɗauke ta, auren ya ƙare, karatun ma ya ƙare. A baranda ta asibiti aka yi wayar, ina tsaye, Kawu yana tsaye da bandeji a hannu. Na ji da kunnena Yaya yana cewa, "Wallahi Baba, Kawu ne ya kawo mana, shi ya saba kunnawa, ya ce mu rufe don mai jego." Bai kalli inda muke ba. Na buɗe baki, Kawu ya taka min ƙafa.

Washegari da safe ya kira ni sama. Yana zaune a kan murfin rumbun.

"Ɗiyata, abin da kika gani jiya da shekaranjiya, ba ki gani ba."

"Haba Kawu! Kai ma ba ka gida!"

"Na sani. Ke ma kin sani. Ya isa."

"Sunanka fa?"

"Sunana ba shi da mata, ba shi da jariri ɗan kwana bakwai. Ki yi min alkawari. Muddin ina numfashi, ba za ki faɗa ba."

Na yi kuka, na yi magiya, ya ƙi sakin hannuna sai da na ce na yi alkawari. Ya ce, "Khalas, shi ke nan," ya tashi ya ci gaba da ɗaura ƙofarsa.

Labari ya bazu cikin 'yan gida nan da nan. Dattawanmu suka zauna a kai, suka kira shi. Mutanen da ya ɗumama wa 'ya'ya, waɗanda ya auna wa taga da hannunsa dare da dare, ba wanda ya miƙe ya ce, tsaya, mutumin da ya hana ɗalibi wuta kwana uku a kan yatsu biyu, shi zai ce a toshe taga? Ko mutum ɗaya. Suka ce tsufa ne ya fara taɓa shi, suka ce zamani ya wuce gawayi, ga hita ta lantarki a ko'ina. Suka haɗu suka gaya wa mai ginin cewa ba sa son rumbun. Kawu ya saurare su har ƙarshe, ya ce, "Na ji. Allah ya kiyaye gaba."

Mai ginin ya ce zai turo leburori. Kawu ya ce ba mai taɓa masa. Shi ya rushe abinsa da kansa, kwana huɗu, bulo ɗaya-ɗaya yadda ya ɗora su, yana kankare simintin yana jerawa a gefe kamar mai shirin sake gini. Gawayin ya ba bawwab, wanda ya kai wa 'yan'uwansa. Cikin kwanaki huɗun nan ba ɗan gida ko ɗaya da ya hau ya ce masa sannu. Maƙwabciyar nan da suka yi rigimar shanya ce ta riƙa aiko masa da shayi. Yaya yana hawa na huɗu, yana jin ƙarar guduma.

Bai sake kunna gawayi ba, ko don kansa. Yaya ya aiko masa da hita a kwali, ni na ɗauka zai mayar. Ya karɓa, ya sa albarka, ya ce a gode masa. Wannan godiyar ta fi komai ƙona min rai. Yana kunna ta jefi-jefi, ya ce tana busar masa da maƙogwaro, sai ka same shi duƙunƙune cikin bargo biyu yana tari. Da yamma bayan la'asar ya kan hau sama ya tsaya, ba abin yi, ya sauko. Hannuwansa suka yi fes, ban taɓa ƙin ganin tsabta kamar wannan ba.

Yaya kuwa ya gama karatu, ya ƙara wani, ya zama malam. Yanzu shi ake kira ɗaurin aure, shi ake kira raɗin suna, in 'yan gida sun yi saɓani gabansa ake zuwa. Yana gaida Kawu, ban ce ba ya gaishe shi ba. Ranar Juma'a zai hawo ya durƙusa a bakin ƙofa, mintuna biyar, idonsa a ƙasa, ya tashi. Da aka yi haihuwa ta biyu surukin nasa ya zo da kansa, sai aka aiko wa Kawu cewa ya yi haƙuri kada ya sauko wajen suna, don kada ran baƙo ya ɓaci. Ranar ce kaɗai na yi wa Kawu rashin kunya a rayuwata.

Na ce, "Kawu, tsoronsu kake ji? Kai ka hura wa ɗansu rai a baki, yau an hana ka cin tuwon sunan ƙanwarsa!"

Ya ce, "Rage murya."

"Ba zan rage ba. Ka ɗaure min baki, ka bar ni ina kallo ana taka ka. Ni ma ka cuce ni, wallahi ka cuce ni."

Ya nuna min wuri na zauna. Sannan ya ce, "Na sani. Ki yafe min. Amma ba tsoro ba ne. Yaron nan zai faɗa da bakinsa, jira nake. Ni na rene shi, na san akwai kunya a cikinsa. In ke kika faɗa, kin ƙwace masa."

Ya jira shekara bakwai. A jinyar nan ta ƙarshe, duk sanda aka taɓa ƙofa sai ya ɗaga kai. Yaya ya zo sau uku, ya yi masa addu'a mai tsawo da Larabci mai kyau, ya tofa masa, ya tafi.

Ranar sadakar uku na tare Yaya a matakala da safe, ba kowa. Na ce, "Yaya, alkawarina ya ƙare ranar Talata. Amma shi ya so ka faɗa da kanka. Yau kowa zai taru. Surukinka ya tsufa, 'ya'yanka uku, ba mai raba ka da matarka yanzu. Ba abin da za ka rasa sai ɗan girma."

Fuskarsa ta canza. Ya riƙe ƙarfen matakala, ya ce a hankali, "Na ji. Zan yi magana a kai." Wallahi na yarda da shi. Har na ji tausayinsa, na shiga ciki ina gode wa Allah.

Bayan la'asar aka taru, maza a falo har matakala, mu mata a ɗakin ciki, ƙofa a buɗe. Aka yi karatu, aka raba waina. Sai aka zo inda aka saba, inda wani daga dangi zai miƙe ya roƙa wa mamaci gafarar jama'a, duk wanda ya ɓata wa ya yafe masa. Yaya ya miƙe. Ya yabi Kawu, ya faɗi yadda ya tarbe shi a filin jirgi, ya faɗi gadon da ya bar masa, maza suna share hawaye. Sai ya ce, "Akwai wata magana da kowa ya sani, ta abin da ya faru da iyalina shekarun baya." Na dafa ƙasa.

Ya ce, "Ɗan Adam ajizi ne. Ina shaida muku a gaban Allah, ni da iyalina mun yafe wa marigayi wannan kuskure, duniya da lahira. Ina roƙon kowa ya yafe masa."

Falo ya ɗauka, "Allahu akbar! Mun yafe! Allah ya saka maka, Malam!"

Na yunƙura zan tashi. Sai na ji an riƙe min zane ta baya, riƙo mai ƙarfi. Matar Yaya ce. Ta matso da bakinta kusa da kunnena, hawaye na zuba, ta ce, "Don Allah, don Annabi, ki rufa mana asiri. Na sani. Idona biyu lokacin da yake cusa tsummokaran, ni na miƙa masa zanen."

Na koma na zauna. Shekara bakwai tana gaishe da Kawu, tana aiko masa da abincin buɗa-baki, ɗan da ya hura wa rai yana wasa a gabansa. Kafin in dawo hayyacina an shafa fatiha, maza sun fara neman takalmansu, ana ta riƙe hannun Yaya ana yaba masa haƙuri. Karo na uku ke nan da na yi shiru inda bai kamata ba, kuma wannan karon ba wanda ya taka min ƙafa.

Shi ya sa na zauna na rubuta. Na san Inna za ta yi kuka in ta ji, ɗanta ne da yayanta. Na san akwai gidajen da ba za a sake buɗe min ƙofa ba a garin nan. Ban rubuta don a raba auren kowa ba, Kawu ya biya wannan da abin da ya fi so a duniya, ba ni zan ɓata masa ba. Na rubuta ne don mutumin ya jira, ya mutu yana ɗaga kai in an taɓa ƙofa, kuma abin da aka kawo masa a ƙarshe shi ne yafiya a kan laifin da bai yi ba.

Ya Allah, ka jiƙan Kawu, ka yalwata masa kabarinsa a wannan ƙasa da ba tasa ba, ka gafarta masa kurakuransa na gaskiya, waɗanda kai ka sani. Ku kuma da kuka ce kun yafe ranar nan, ku karɓi yafiyarku, ba ya buƙata. Ranar da abin ya faru Kawu yana Ataba. Yayana ne ya kunna wutar a ɗaki, shi ya toshe tagar.